Gidan Bautar 'Yan Hindu Na Ankara: Baƙon Da Ɗan Gari Ya Gina Wa Ɗaki

A wannan fitowa filin namu na tarihi zai ɗan yi nisan kiwo. Za mu bar Keffi da kewayenta, mu gangara har bakin teku, mu leƙa wani gida da ke birnin Accra na ƙasar Gana, watau birnin nan da kakanninmu fatake suke kira Ankara. Ba Ankara ta Turkiyya ba fa, ta fataken goro. Gidan kuwa na bautar 'yan addinin Hindu ne, yana wata unguwa da ake kira Odorkor, an kuma kafa shi cikin shekarar 1975.

Mun sani sarai wani zai ce, to mu ina ruwanmu da gidan Hindu? Ai kuwa da ruwanmu. Da wuya a sami wanda ya tashi a unguwar nan bai taɓa ganin irin wannan gida ba, ko da yake a majigi ya gan shi. Tun cikin shekarun 1950 da Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar nan, aka zo zamanin kaset ɗin bidiyo, har zuwa yau da yara ke kallon fassarar Algaita a waya, hoto ɗaya ne yake ta maimaita kansa. Uwar jarumi ta tuɓe takalmi, ta hau matakala, ta kaɗa ƙararrawa, ta tsaya gaban wani mutum-mutumi da aka rataya wa furanni, tana kuka tana faɗa masa damuwarta. Mun kalli wannan ya fi a ƙirga, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar wa ke gina irin ɗakin nan, wa ke share shi, me kuma ake yi a ciki ranar da ba mai ɗaukar hoto.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Duk wanda ya bi tarihin gidan Odorkor zai tarar ya ratsa ta hanyoyin da namu mutanen suka taka, ta fatauci, da ta aikin soja, da ta dokar korar baƙi. Abin mamakin kuma shi ne ba Indiyawa suka kafa shi ba. Baƙar fata ne, haifaffen Gana, ya kafa shi, har Indiyawan suka riƙa zuwa suna zama a ƙasa yana jan su ibada.

Bari mu fara da 'yan kasuwa, tun da su suka riga kowa isowa. Yawancin Indiyawan da suka fara zama a gaɓar Afirka ta Yamma mutanen ƙasar Sindh ne, daga wani gari mai suna Hyderabad da ke kusa da kogin Indus. Da Turawan Ingila suka ci ƙasarsu a 1843, sarakunan da attajiran garin ke yi wa hidimar kuɗi suka faɗi, sai suka bazama duniya da yadi da kayan ƙawa, suka kafa kantuna a Masar, da Malta, da Singafo, har suka ɓullo nan wajenmu. Ana ambaton wani Bhai Boolchand da cewa shi ya fara sauka a Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, a 1890. A 1919 wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Daswani suka buɗe kanti a Cape Coast. A 1923 kuma kamfanin Chellaram ya kafu a Ikko, wanda dattawanmu ba su bukatar a gabatar musu da shi.

Yadda suke zama shi ne abin lura. Saurayi ake ɗaukowa daga gida a kan yarjejeniyar shekara biyu ko uku, ba mata ba yara, ya yini a kanti ya kwana a bayan kanti ko a samansa. Ibadarsa ba ta wuce wata 'yar kusurwa ba, ga hoto, ga 'yar fitila, ga turaren tsinke. Bai kira kowa ba, bai kuma yi tsammanin wani zai zo ba, domin a wurin yawancin masu shi addinin Hindu abu ne da ake haifar mutum a ciki kamar dangi, ba abin da ake fita wa'azi a kai ba ne. A 1947 aka raba Indiya biyu, Sindh ta faɗa cikin Pakistan, 'yan Hindun can suka yi hijira suka bar gidaje da gonaki. Mai kanti a Ankara ko Ikko ya wayi gari garin da yake tara kuɗi don ya koma ya zama ƙasar wasu. Daga nan ne suka fara ɗauko iyali suna zama na dindindin. Duk da haka ibadar ta ci gaba da zama ta cikin gida, tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa.

To a nan ne bambancinsu da namu fatake ya fito fili. Bahaushe in ya sauka Salaga ko Kumasi, kafin ya gama kafa rumfa an riga an jera duwatsu an kewaye wurin salla, ga malami da allunan yara, ga mai gida mai saukar da baƙi, ga sarkin zango. Haka aka yi a Sabon Zango ta Ankara wadda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, haka a Nima wadda ta tashi a hannun Malam Amadu Futa, dillalin shanu, cikin shekarun 1930. Haka ma kowane zango da ke kan tsohuwar hanyar nan da ta taso daga Zariya ta biyo ta Keffi ta faɗa Loko. Mu a fili muka zo da namu. Su a aljihu suka zo da nasu.

In 'yan kasuwa ba su yaɗa shi ba, ta ina ke nan ya shiga zukatan mutanen Gana? Wani masani ɗan ƙasar mai suna Albert Wuaku, wanda ya fitar da littafi a kan wannan batu a 2013, ya nuna ƙofofi da dama. Babba daga ciki ita ce yaƙin Bama.

A yaƙin duniya na biyu Turawa sun haɗa runduna biyu ta baƙaƙen sojoji, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka kwashe su a jiragen ruwa cikin 1943 da 1944 don su kara da Japanawa a dazukan Bama. Hausawa da masu jin Hausa sun cika rundunonin nan, har Hausa ce harshen bariki a wurin sojojinmu. Shaidar tana nan har gobe a sunayen barikoki: Dodan da Arakan a Ikko, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga can aka samo su, kamar yadda babban barikin Ankara yake amsa sunan Bama. Amma kafin soja ya ga Bama sai ya ga Indiya. A nan jirgi ke sauke su, a nan suke zaman horo wata da watanni, a nan kuma ake jiyyar waɗanda suka ji rauni. Sun ga gidajen bauta masu dogayen hasumiyoyi, sun ga masu gudun duniya da suka shafe jiki da toka, sun ga masu wasa da maciji a bakin kasuwa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 suka dawo da hotuna, da 'yan littattafai, da labarai cike da baki. Namu tsofaffin sojojin ma sun dawo da irin labaran nan, sai dai a Arewa abin ya tsaya a hirar dandali. A kudancin Gwalkwas kuwa wasu sai suka buɗe ɗakunan magani da addu'a da sunan asirin Indiya.

Sannan finafinai suka zo suka ƙara wa wutar itace. A idon talakan Afirka ta Yamma Indiya ta zama ƙasar asiri, inda ba abin da ba ya yiwuwa. Duk mai siddabarun da yake son a ji tsoronsa sai ya ce can ya yi karatu. Wa bai san labarin wasan ƙwallon nan ba, da aka ce Indiya ta ci Nijeriya 99 da 1, wai ƙwallon takan rikiɗe ta zama zaki in ta doshi mai tsaron gidanmu? Ba a taɓa buga wannan wasa ba, ko sau ɗaya. Abin dariyar ma shi ne mutanen Gana su ma suna da labarin, kusan kalma da kalma, sai dai a nasu Gana ce ta sha kashi. Saboda haka da yawa daga waɗanda suka fara neman abin Indiya a ƙasar ba ilmin addini suke nema ba. Kariya daga maita suke so, da sa'ar kasuwa, da maganin abin da ya gagari asibiti.

Cikin wannan yanayi mutumin da muke magana ya taso. An haife shi ran Lahadi 12 ga Satumba 1937 a Senya Beraku, wani garin masunta da ke bakin teku yamma da Ankara. Sunansa Kwesi Essel, Kwesi kuwa a wurinsu shi ne Ɗanladi a wurinmu. Gidansu na masu addinin gargajiya ne, daga baya iyayensa suka shiga Kiristanci. Shi dai ya ce tun yana yaro tambayoyi suka dame shi game da asalin duniya da makomar mutum, bai kuwa sami amsar da ta kwantar masa da rai ba sai da littattafan Hindu suka faɗo hannunsa. A 1962 ya koma Ankara ya kafa wata 'yar ƙungiya mai suna Divine Mystic Path Society, inda ake karatu da motsa jiki irin na yoga da zaman tunani.

Littattafan nan suna da tushe. A garin Rishikesh, a gindin duwatsun Himalaya inda kogin Ganga ke fitowa fili, akwai wata cibiya mai suna Divine Life Society wadda Swami Sivananda ya kafa a 1936. Shi Sivananda likita ne da ya yi aiki a Malaya kafin ya bar duniya, ya kuma rubuta littattafai masu ɗimbin yawa da Turanci mai sauƙi, ana aika su ta gidan waya ko'ina a duniya. Ka ga ikon Allah, abin da kantunan Sindh suka shekara hamsin ba su yi ba, akwatin gidan waya ya yi shi. Kwesi Essel bai tsaya ga karatun wasiƙa ba, ya tashi takanas ya tafi Rishikesh ya zauna a cibiyar. Bayan ya dawo, wani shehinsu Ba'indiye mai suna Swami Krishnananda Saraswati ya karɓe shi almajiri, a 1975 kuma ya naɗa shi swami, ya raɗa masa suna Ghanananda Saraswati. Ana ɗaukarsa a matsayin baƙar fatar Afirka na farko da ya kai wannan matsayi. A shekarar ce aka kafa gidan, aka sa masa suna Hindu Monastery of Africa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan naɗi, don ba rawani ba ne irin na sarauta. Wanda zai zama swami yakan yi wa kansa bikin mutuwa tun yana da rai, ya ajiye sunansa na yanka, ya bar dukiya da zaman iyali, ya sa tufa mai ruwan goro wadda ba zai sāke wata ba har ƙarshen ransa. Kalmar ananda da ke ƙarshen sunan tana nufin farin cikin ruhi. Saraswati kuwa sunan ɗaya ne daga rassa goma na masu gudun duniya da ake dangantawa da wani babban malaminsu na da mai suna Shankara, kamar dai a ce silsila. Muhimmancin abin shi ne, a yawancin gidajen bauta na Indiya jan ibada gado ne na 'yan gidan Brahmin, in ba a haife ka ciki ba ba ka ciki. Amma wanda ya sa ruwan goro ya fita daga lissafin gida da asali. Ta wannan ƙofa ce ɗan garin masunta daga Senya Beraku ya shiga ya zauna a kujerar da attajirin Sindh zai durƙusa a gabanta.

Dubi kuma shekarun da abin ya faru. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dattawanmu da suka yi zaman Kumasi ko Ankara ba sai an tuna musu ba. Mutanen zango da Yarabawa da yawa, wasu ma can aka haife su, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. A 1970 wata doka ta biyo baya wadda ta keɓe ƙananan harkokin ciniki ga 'yan ƙasa, ita kuma ta taɓa kantunan Indiyawa da Kwarori. A 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Uganda kwana 90 su fice, a shekarar kuma gwamnatin Gowon ta fito da tata dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan Nijeriya. Mu ma dai ba mu da bakin zargi, don a 1983 mun kori mutanen Gana da jakunkunan nan da har yau suke amsa sunansu. A irin wannan lokaci baƙo mai hankali ba ya gina hasumiya, kansa yake sunkuyarwa. A ganinmu wannan shi ne sirrin gidan Odorkor. Da Indiyawa ne suka gina shi, da gidan baƙi ne, doka ɗaya ta isa ta rufe shi. Da yake ɗan ƙasa ne ya kafa shi, mabiyansa kuma 'yan ƙasa, ba wanda zai ce musu su koma inda suka fito.

To, me ake yi a ciki? Daga nesa ana gane gidan da doguwar hasumiya mai tsini, a samanta an rubuta alamar Om, harafin da 'yan Hindu suke ɗauka mafarin duk sauti. Irin wannan hasumiya a wurinsu kwaikwayon dutse ne, mazaunin allolinsu. A bakin ƙofa ake barin takalma. Ciki babban zaure ne ba kujeru, a ƙasa ake zama, can gaba kuma ga dakali mai tudu inda aka jera siffofin da suke kira murti, an yi musu sutura masu ƙyalli. Wakilin BBC da ya ziyarci gidan a 2010 ya ba da labarin ya tarar da maza da mata da yara, dukkansu baƙar fata, suna rera waƙoƙin ibada da harshen Hindi, alhali galibinsu ba su taɓa taka Indiya ba. Ya kuma ga hoton Yesu a tsakanin siffofin.

Mu gumaka muke ce wa waɗannan siffofi, kowa kuma ya san matsayinmu a kansu. Amma aikin filin nan shi ne ya faɗi abin da masu abin suke faɗi. Koyarwar da ta fito daga Rishikesh tana cewa gaskiya ɗaya ce tak, suna kiranta Brahman, ba ta da siffa ba ta da iyaka, siffofin kuwa fuskoki ne da ɗan Adam ke kama ta da su, tun da zuciya ba ta iya riƙe abin da ido bai gani ba. Shi ya sa ƙarin hoto ɗaya a kan dakali ba ya tayar musu da hankali. A gidan Odorkor Shiva ne kan gaba, tare da shi akwai irin su Ganesha mai kan giwa, wanda ake fara ambata kafin kowane aiki.

Ibadar yau da kullum sunanta puja, tsarinta kuwa tsarin karɓar babban baƙo ne. A yi masa maraba, a ba shi ruwa, a yi masa wanka, a sa masa tufa, a shafa turare, a kawo furanni da 'ya'yan itace. Da magariba sai a kunna fitilu irin namu na aci-bal-bal, da man shanu ko man gyaɗa, mai jan ibada ya riƙa kewaya su a gaban siffar, ana kaɗa ƙararrawa ana busa ƙahon katantanwar teku. Wannan shi ne arati, shi ne kuma abin da muka fi gani a fim. Sai a zagaya da fitilar cikin jama'a, kowa ya ɗora tafin hannu a kan harshen wutar ya shafa a fuska. Bayan nan a yi waƙe-waƙe da ganga da tafi, a karanta wani abu daga Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700, shugaba ya yi bayani. A ƙarshe abincin da aka miƙa, ayaba ko kwakwa ko wani abin zaƙi, a raba wa duk wanda ke wurin. Suna kiransa prasad, ba a kuma tambayar mutum addininsa kafin a miƙa masa. A manyan ranaku akan haƙa wuta a tsakar wuri, a riƙa zuba mata man shanu da hatsi ana karatu da harshen Sanskrit.

Bukukuwansu da lissafin wata suke tafiya, amma suna ƙara wata guda bayan 'yan shekaru, don haka ba sa zagaya shekara kamar namu. Mafi girma ga masu bin Shiva shi ne Shivaratri, wajen Fabrairu ko Maris, a yini da azumi a kwana ba barci, ana zuba ruwa da madara a kan wani mulmulallen dutse da ke wakiltarsa. Akwai Navaratri, dare tara na girmama Durga. Akwai Diwali, bikin fitilu, wajen Oktoba ko Nuwamba. Akwai kuma bikin Ganesha wajen Agusta ko Satumba, wanda a ƙarshensa ake ɗaukar siffar da aka ƙera don bikin a kai ta ruwa a nutsar. A Bombay teku ake kai ta, a Ankara ma ga teku nan a bakin gari.

Sai dai wahalar zama ɗan Hindu a Gana ba a zauren ibada take ba, a gida take. Ɗauki abinci. Mai bin koyarwar gidan sosai ba ya cin nama ko kifi, naman shanu kuwa ko kusa, a ƙasar da miya ba kifi ba miya ba ce. Yi tunanin ɗan garin masunta ya ce wa uwarsa ya daina cin kifi! Wani abin ban dariya, in irin wannan mutum ya fito titi da yunwa, abincin da zai fi samun natsuwa da shi namu ne: kokon nan da suke kira kokon Hausa, da ƙosai, da shinkafa da wake wadda suka mayar waakye, in dai ya ce kada a sa masa miyar nama. Mai tsire kuwa, wanda shi ma galibi ɗan zango ne, sai dai su gaisa daga nesa.

Suna ma haka. Manyan da suka shiga da girmansu da yawa sun riƙe sunayensu na Kirista da na kakanni, amma 'ya'yansu sai ka ji Rama ko Krishna. Inda gardama ta fi tsanani shi ne wajen mutuwa. 'Yan Hindu ƙona gawa suke yi, su watsa tokar a ruwa, domin a aƙidarsu jiki riga ce da rai ke tuɓewa ya sa wata. A kudancin Gana kuwa gawa ta dangi ce ba ta mamaci ba, akan ajiye ta makonni ana shirin biki, a unguwar Teshie ma har akwatin gawa ake sassaƙawa da siffar kifi ko mota, sana'ar da Kane Kwei ya yi suna da ita. To ka ce wa irin waɗannan dangi za a ƙone ɗansu a yini ɗaya, ka ji abin da za su ce. Shi mai ruwan goro kuwa a al'adarsu ba a ƙona shi, tun da ya riga ya yi wa kansa wannan biki ranar naɗi.

Ba gidan Odorkor kaɗai ke nan ba. 'Yan Hare Krishna, ƙungiyar da aka kafa a New York a 1966, suna da nasu gidan a Medie, arewa da Ankara, su kuma Krishna suka riƙe, suna fita titi da ganga suna waƙa. Wanda ya taɓa zama babban jagoransu a Afirka, Bhakti Tirtha Swami, baƙar fatar Amurka ne, har sarauta aka ba shi a Warri a 1990. Indiyawan Gana ma daga baya sun yi nasu wuraren. Amma na Odorkor ya bambanta da cewa ba reshen kowa ba ne, shi ne uwa, shi ya haifi rassa a wasu garuruwan Gana har da Togo, mabiyansa 'yan ƙasa kuma suka kai dubbai. Ya ratsa shekarar 1989, lokacin da gwamnatin Rawlings ta tilasta wa kowace ƙungiyar addini yin rajista har ta dakatar da wasu, ya kai ga tsarin mulkin 1992 da ya tabbatar wa kowa 'yancin addininsa.

Swami Ghanananda ya rasu ran 18 ga Janairu 2016, yana da shekara 78, bayan ya shekara arba'in yana jan gidan. Ba a aika Indiya neman magaji ba, cikin almajiransa 'yan Gana aka samu.

Wanda duk hanya ta kai shi Ankara ziyarar dangi a Sabon Zango ko Nima, gidan ba shi da wuyar samu. Ya shiga motar haya daga Kaneshie, kan titin da ya nufi yamma zuwa Winneba. Odorkor tana kan hanyar, kafin a kai wata babbar mahaɗa da ake kira Mallam, sunan da ba sai mun fassara wa kowa ba.